Wasa Farin Girki: Daga Tabarma Zuwa Zauren Gasa

Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya taɓa ganin 'yan mata ƙanana sun haɗa duwatsu uku a gefen tsakar gida, sun ɗora gwangwani, suna tuƙa ƙasa da tsinke suna cewa tuwo ne. Manya ba sa hana su, don sun san daga nan hannu ke faɗawa. Shi ya sa aka ce wasa farin girki. Sai dai tuwon ƙasa ba ya ƙonewa, ba kuma wanda ke ɗanɗana shi ya ce gishiri ya zarce. Ranar da aka hura wuta ta gaske, aka ce ga baƙi can suna jira, yarinyar ta sami abin da ba ta da shi a da, ta kuma rabu da wani abu da ba zai dawo ba. Masu wasan kalmomi da na karta da suka tashi daga tabarmar gida suka shiga zauren gasa sun san wannan musaya sarai.

A ɗauki Scrabble, wasan jera haruffa. Wani mai zanen gine-gine a Amurka, Alfred Butts, ne ya ƙago shi a shekarun 1930, lokacin da karayar tattalin arziki ta raba shi da aiki, aka kuma fara sayar da shi da wannan suna a 1948. Allo ne mai gidaje 225 da 'ya'ya 100, kowane ɗan wasa yana riƙe bakwai, wanda ya zubar da bakwai ɗin a tashi ɗaya a ƙara masa maki 50. A gida ana yin sa ana shan shayi, ana gardamar ko kalma kaza Turanci ce ko ƙirƙira, wanda ya jera doguwar kalma mai kyan ji a tafa masa ko da makinta bai taka kara ya karya ba.

Zauren gasa bai san wannan ba. Mutum biyu ne rak ke fuskantar juna, ga agogo a tsakaninsu, kowa minti 25 gare shi, wanda ya zarce a zaftare masa maki 10 a kowane minti. Ba hira. Idan aka yi musun kalma, sai a tsayar da agogo a nufi kwamfuta, ita kuwa abu ɗaya take faɗa: kalmar tana cikin ƙamus ko ba ta ciki. Ƙamusun Collins da ake amfani da shi a Najeriya da yawancin ƙasashe na ɗauke da kalmomi fiye da 270,000. Kowane ɗan wasa na da takarda a gefe yana soke haruffan da suka fita, ta yadda kafin a kai ƙarshe ya san abin da ke hannun abokin karawarsa.

Abu na farko da gasa ke ƙwacewa shi ne ma'ana. Sabon shiga yakan fara da haddace kalmomi masu harafi biyu, waɗanda suka haura 120, irin su QI da ZA da XU, ba don zai taɓa furta su a magana ba, sai don su ne ke ba shi damar lafe kalma a jikin kalma ya ci maki ta fuska biyu. Daga nan ya koma jera haruffa bisa tsarin abacada yana tambayar kansa abin da zai fito. Haruffan AEINRST kaɗai suna haifar da RETAINS da NASTIER da RETINAS da wasu, kuma dole ya gan su cikin daƙiƙa. Mutumin da ƙaunar harshe ta kawo shi wasan sai ya wayi gari yana lissafi, yana auna waɗanne haruffa ya kamata ya bari a hannu don zagaye na gaba.

Babu wanda ya kai wannan hanya maƙura kamar Nigel Richards, ɗan ƙasar Niyuzilan mazaunin Maleshiya, wanda ya ci kambun duniya na Turanci sau 5. A watan Yulin 2015 ya je Beljiyam ya shiga gasar duniya ta Faransanci alhali ba ya jin yaren. Makusantansa sun ce makonni tara ya yi yana haddace ƙamusun. Ya doke wani ɗan ƙasar Gabon a wasan ƙarshe, aka miƙe tsaye ana tafa masa, sai da aka nemo tafinta kafin ya yi wa jama'a godiya. A 2024 ya maimaita haka da Sifaniyanci a birnin Granada. Abin mamaki ne ƙwarai, kuma ya cancanci yabo. Amma mai son kalma don daɗinta a baki yana da hujjar jin wani iri, ganin cewa ana iya kaiwa ƙololuwar wasan kalmomi ba tare da sanin abin da ko ɗaya take nufi ba.

To me gasar ke bayarwa a madadi? Zurfi. Wanda bai taɓa shiga ba yana ganin allo ne da haruffa, ɗan gasa kuwa yana ganin ƙofofin da zai buɗe da waɗanda zai toshe, yana sanin lokacin da ya dace ya haƙura da maki 30 yanzu don ya tsare 80 a gaba. Najeriya ma a nan ta yi suna. Tun farkon shekarun 1990 hukuma ta amince da Scrabble a matsayin wasa na ƙasa, ana horar da 'yan wasa a sansani, kuma an san su da salon gajerun kalmomi da toshe wa abokin hamayya hanya. A watan Nuwamban 2015, Wellington Jighere, ɗan jihar Delta, ya doke Lewis Mackay na Ingila wasa huɗu ba ko ɗaya a birnin Perth na Ostireliya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci gasar duniya ta Turanci. Shugaban ƙasa na wancan lokacin, Muhammadu Buhari, ya kira shi a waya ya taya shi murna. Ba wanda zai ce wannan mutum bai ji daɗin wasa ba. Daɗin ne dai ya canza kama, ya tashi daga na dariya ya koma na wanda ya ci zomo ya ci gudu.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan batu. A 1981 Edward Deci na Jami'ar Rochester da abokan aikinsa sun ba mutane wasan wasa ƙwaƙwalwa, aka ce wa wasu su yi iyakar ƙoƙarinsu kawai, aka ce wa wasu su doke na kusa da su. Da aka bar kowa shi kaɗai daga baya, waɗanda aka sa gasa ba su koma wa wasan don ra'ayin kansu kamar sauran ba, duk da cewa sun yi nasara. Binciken da ya biyo baya ya gyara maganar: masu son auna kansu da wasu, gasa takan ƙara musu sha'awa. Ke nan ba kowa take yi wa abu ɗaya ba, kuma kuskure ne a tura yaron da ke son wasa don hira cikin zauren da ba a magana.

A wasan karta abin ya fi fitowa fili, domin karta asalinta wasan zama ne da mutane. Bridge, wanda Turawa suka ɗauka da muhimmanci, mutum huɗu ke yi, biyu-biyu, a raba kati 52 kowa ya sami 13. A gasa ana buga rabo ɗaya a tebura da yawa don kada wani ya ce sa'a ce ta ba shi. A manyan gasanni kuma ana kafa allo a tsakiyar tebur don kada mutum ya ga fuskar abokin tafiyarsa, ba a kuma faɗin komai da baki, sai dai a ajiye ɗan kati mai rubutu. A gasar duniya ta 1975 a Bermuda, an zargi wasu 'yan Italiya biyu da taka wa juna ƙafa a ƙarƙashin tebur don isar da saƙo, har sai da aka toshe ƙasan teburin. A 2015 kuma wani ɗan wasan Norway, Boye Brogeland, ya jagoranci fallasar da ta girgiza wasan, inda aka zargi wasu manyan gwanaye da yi wa juna ishara ta yadda suke ajiye kati. Wasan da aka gina a kan fahimtar juna tsakanin aboki da aboki ya kai matsayin da dole a raba su da katako. Scrabble ma bai tsira ba: a 2012 an kori wani matashi daga gasar Amurka a Orlando bayan an kama shi ya ɓoye 'ya'yan nan biyu marasa harafi, waɗanda ke tsayawa a madadin kowane harafi.

A nan gida, Whot ne ya fi shiga lunguna, katin nan mai tauraro da da'ira da sauran siffofi da aka ƙago a Ingila a shekarun 1930. Daɗinsa rabi a baki yake: ihun "ɗauki biyu", tura mutum kasuwa, gardamar wace lamba ce ke tsayar da wa, domin kusan kowace majalisa da tata doka. Da zarar an ajiye kuɗi a tsakiya, gardamar da ake yi da dariya sai ta zama ta jijiyar wuya. Wannan ne ma ya ɓata wa karta suna a ƙasar Hausa, har iyaye da malamai suke jin sunanta su tuna caca kawai. Ya kamata a rarrabe: gasa mai doka da alƙali dabam, caca dabam, ko da kati ɗaya ake bugawa.

Kakanni sun daɗe da gano hanyar da za a yi takara ba tare da an ji ciwo ba. A kacici-kacici, wanda ya kasa amsa sai a ce ya ba da gari. Ya ce na ba ka Kano, ko Katsina, ko Damagaram, mai tambaya ya yi ta yanga, ya ƙi wannan ya karɓi wancan, sannan ya warware. Akwai wanda ya ci, akwai wanda aka ci, amma abin da aka biya ba na kowa ba ne, don haka yaro ya kwanta da murmushi gobe ya dawo.

Asarar da ba a cika faɗa ba ita ce ta komawa gida. Wanda ya yi shekara yana haddace ƙamus ba zai iya mantar da kansa ba idan ya zauna da ƙannensa. Ya jera QI a gidan da ke ninka maki, a ce masa wannan ba kalma ba ce, ya buɗe waya ya nuna, kowa ya yi shiru. In ya sassauta da gangan, su gane, abin ya zama raini. Sannu a hankali a daina kiran sa idan an fito da allo. Masu shirya gasa sun san da wannan ciwo, shi ya sa suke ba kowane ɗan wasa lambar ƙima da ke hawa da sauka gwargwadon sakamakonsa, suke kuma raba zaure rukuni-rukuni, sabon shiga ya kara da sabon shiga, gwani da gwani. A gidajen da ke da gwani guda, wasu kan ba ƙanana tazarar maki tun kafin a fara, wasu su yarda a buɗe ƙamus a gaban kowa, wasu kuma su kafa sharaɗin cewa duk kalmar da mutum bai iya faɗin ma'anarta ba, ya kwashe haruffansa ya jira zagaye na gaba.