Aiki Da Godiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, in aka tambayi Bahaushe, "Ina aiki?" sai ya amsa, "Aiki da godiya." Amsa ce kyakkyawa, amma sau da yawa a leɓe take tsayawa, domin kafin a saki hannu an shiga kukan tsadar hatsi da ƙarancin albashi. Mutum yana jiran babbar ni'ima, kamar kujerar Makka ko ƙarin girma, kafin ya gode, alhali ƙanana na wucewa ta gabansa safe da maraice. Muslim kuwa ya ruwaito cewa Allah yana yarda da bawan da zai ci loma ko ya kurɓi ruwa ya gode masa.

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, watau 1111, ya bayyana cikin Ihya'u Ulumiddin cewa godiya na da sassa uku: sanin wanda ya yi ni'imar, da farin cikin zuciya da shi, da yin aiki da ita cikin abin da yake so. Na ukun nan shi ne mai wuya. A Suratu Saba'i, aya ta 13, aiki aka umarci iyalan Annabi Dawuda su yi don godiya, shi kuwa Dawuda, duk da sarautarsa, daga aikin hannunsa yake ci. Ashe ke nan godiyar tela ita ce ya mayar da ragowar yadi, ta mai awo ya cika mudu, ta ma'aikaci kuma ya isa ofis kan lokaci. Wanda aka tashe shi da asuba cikin sanyin hunturu, ya sami ƙarfin yin alwala, an ba shi abin da aka hana wani, kuma godiyarsa ita ce ya isa sahu.

Amma inda aka fi yin sakaci shi ne cikin gida, domin a can ni'ima kan zo da kamannin wahala. Magidanci ya dawo a gajiye, ɗansa ya sheƙo da gudu ya kama farar rigarsa da hannun miya, sai ya daka masa tsawa. Riga dai sabulu zai wanke ta. Bai tuna ba cewa watakila a bayan katangarsa akwai wanda ya shekara goma yana roƙon Allah irin wannan ɗan hannun, kuma Annabi Zakariyya sai da furfura ta game kansa aka yi masa bushara da Yahaya. Uwar yaron kuwa, wadda Suratu Luƙman ta ambaci nauyin cikinta da shekara biyun shayarwarta, da wuya ta ji ko da "sannu da aiki". Abin kunya ne a gode wa baƙo saboda goro ɗaya, a ƙyale wadda ta wuni a bakin murhu.

Manzon Allah, wanda yake tsayuwar dare har ƙafafunsa su kumbura don ya zama bawa mai godiya, shi ne dai ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab. In zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ya kan kuma taƙaita salla in ya ji kukan jariri, don kada hankalin uwarsa ya tashi. Wata rana ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, sai Aƙra'u ya ce 'ya'yansa goma, bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya dube shi, ya sanar da shi cewa marar jinƙai ba a jin ƙansa.