Lissafin Ranar Suna: Daga Yaushe Ake Fara Ƙirgawa?



Tunatarwarmu ta wannan Juma'a a kan lissafin ranar suna ce. Yawancinmu a nan Agwada zuwa muka yi, iyaye da dangi suna Kano, Katsina ko Sakkwato. Da an sauka sai waya: "Yaushe ne suna?" Mu kuma mu duba katin asibiti mu faɗa. To, shi kati agogo yake bi, ranarsa tana farawa ƙarfe 12 na dare. Fiƙihu kuwa alfijir yake dubawa.

A Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid da sharhohinta, ba a sa ranar haihuwa cikin kwana bakwai, sai in kafin alfijir aka haihu. Misali, an haihu Litinin da hantsi: Talata ce ta ɗaya, suna Litinin mai zagayowa. Amma in ƙarfe 2 na dare ne, kafin asubar Litinin ɗin, to ta shiga lissafi, suna ya faɗo Lahadi.

Kada mu ce kwana ɗaya ai ba komai. A mashhurin mazhaba, da ranar bakwai ta faɗi lokacin yankan ya wuce. Ga rago an saya da tsada, ga dangi sun biya kuɗin mota har Keffi, a zo kuma a yanka rana ta takwas! Shi yankan ma da hantsi ake so, ba ya yiwuwa da dare.

Akwai malaman da suka ba da dama zuwa kwana 14 ko 21, Shafi'iyya kuma suna ƙirgawa har da ranar haihuwa. Saboda haka ba abin rigima ba ne, amma kowa ya san abin da yake bi.

Ko Yahudawa suna da ƙirgen kwana 49 tsakanin idinsu na Fesak da na Shabu'ot, kuma sai dare ya shiga suke ƙirga kowace rana, don ba su wasa da mafarin lissafi. Mu ne muka fi cancanta da kiyaye namu.

Roƙonmu dai: a tambayi ungozoma ko nas, kafin kiran asuba ne ko bayansa? A sanar da Malam Liman, sannan a buga waya gida.

Allah Ya raya mana zuri'a bisa Sunna. Wallahu a'alam.

Sakataren Masallaci