Hukuncin Tafiya Neman Sanyi: Daga New Bell zuwa Dutsen Kamaru

Hausa ta daɗe da raba tafiya gida-gida, kowace da sunanta da darajarta. Akwai fatauci, akwai ci-rani, akwai tafiyar neman ilimi, da ziyarar dangi, da aikin hajji. Tafiyar da ba ta shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ita ake kira yawon duniya, kuma ba sunan yabo ba ne. Yawon buɗe ido sabon shiga ne a wannan jeri, shi ya sa matsayinsa a addini ke buƙatar bayani: shin ya halatta Musulmi ya rufe rumfarsa kwana biyu ko uku na hutu, ya kashe kuɗinsa, don kawai ya je ya ga daji ya sha sanyi?

Tambayar tana da nauyi na musamman a unguwannin Hausawa na Duwala. Ɗaya daga cikinsu, New Bell, ta samo asali ne a ƙarshen mulkin Jamus, lokacin da Turawa suka ƙudurta tayar da 'yan ƙabilar Duwala daga bakin kogin Wouri, rikicin da ya kai ga rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell a 1914. Daga baya ta zama masaukin baƙi, ciki har da Hausawa mahauta da 'yan kasuwa, waɗanda tafiya ce ta kawo su, amma tafiyar neman abinci. Garin kuwa na zafi ne da gumi da ruwan sama. Hunturun da kakanni suka sani a Kano ko Garwa ba ya isowa nan da ƙarfinsa. Yaron da aka haifa a New Bell zai iya girma bai taɓa jin sanyin da ke kaɗa haƙora ba.

Sai dai sanyin ba shi da nisa. Kimanin kilomita 70 daga Duwala akwai garin Buea, a gindin Dutsen Kamaru, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000. Dutse ne mai aman wuta da har yanzu bai mutu ba, ya yi amai a 1999 da 2000. A 2009 gwamnati ta mai da yankinsa gandun daji na ƙasa, mai faɗin hekta kusan 58,000, inda ake samun giwayen kurmi da wasu tsuntsaye da babu irinsu a ko'ina sai nan. Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri shida a kowace mita 1,000 da aka hau, saboda haka wanda ya bar Duwala yana fifita da safe zai iya kwana a bukkar mahaya yana rawar ɗari, a ƙololuwa kuma sanyin kan kusa daskarar da ruwa. An fi hawa da rani, daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da hutun Kirsimeti, da na sabuwar shekara, da na ranar matasa ta 11 ga Fabrairu suke faɗowa.

Asalin hukunci shi ne halacci, domin tafiya al'ada ce, kuma al'ada ba ta haramta sai da dalili. Alƙur'ani ma a wurare da dama ya yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba, kuma Suratul Gashiya ta sanya duwatsu cikin abubuwan da ake son mutum ya yi nazarin yadda aka kafa su. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda na ladubban tafiya a cikin Ihya'u Ulumid Din, inda ya lissafa ganin ayoyin Allah a doron ƙasa cikin tafiyar neman ilimi. Amma a wurinsa tafiyar jiki ba ta da amfani in zuciya tana zaune wuri ɗaya.

Fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake karantawa a zaurukan malaman Hausawa, ya yi taka-tsantsan a nan. Littafin Muhtasar na Halilu ya cire mutum biyu daga sunnar ƙasaru: mai tafiyar saɓo, da mai tafiyar wargi, kamar wanda ya fita farauta don nishaɗi kawai. Wannan bai mai da tafiyar hutu haram ba, amma ya nuna cewa shari'a tana auna tafiya da abin da ya fitar da mai ita daga gida. Mutum biyu za su shiga mota ɗaya, su bi hanya ɗaya, ɗaya ya fita don lafiyar jikinsa da tunani a kan halitta, ɗayan don a gan shi a hoto. Niyya ce ta raba su.

Akwai kuma hukunce-hukuncen hanya. Nisan ƙasaru a littafin Risala barid huɗu ne, wato mil 48, abin da ake ƙiyastawa da kilomita 80 da ɗoriya, saboda haka tafiya daga Duwala zuwa Buea tana bakin iyaka, cika salla ya fi zama kariya. Haɗa salloli biyu kuwa ya halatta a tafiyar tudu ko da ba ta kai wannan nisa ba. Tun da hutun mako a Kamaru Asabar da Lahadi ne, mai son ya riga cunkoso yakan so tashi ran Juma'a, alhali ga wanda Juma'a ta wajaba a kansa, tashi bayan alfijir makaruhi ne, bayan rana ta karkata kuma haramun ne, sai in da larura ko zai riske ta a hanya. A saman dutsen ruwa yana da wuya, sai wanda aka ɗauko. Wanda ya ji tsoron ƙishirwa, ko ya ji tsoron ruwan sanyi zai cutar da shi kuma ba shi da halin ɗumama shi, ya yi taimama, ko da a kan dutse ne. Hujjar ita ce abin da Amru ɗan Asi ya yi a yaƙin Zatus Salasil a wani dare mai tsananin sanyi, Annabi (SAW) ya ji labari bai hana ba.

Kare rai yana gaba da nishaɗi. Tun 2016 yankin Kudu maso Yamma, inda Buea take, ke fama da rikicin 'yan aware. Gandun Waza da ke arewa mai nisa, wanda ya zama gandun ƙasa a 1968, ya rasa baƙi bayan sace wani iyali na Faransawa a kusa da shi a 2013. Duk tafiyar da aka fi zaton halaka a cikinta ta fita daga halacci. Haka nan wadda aka yi ta da kuɗin cefanen gida ko da bashi a wuya.

Shi kansa gandun Dutsen Kamaru yana da haƙƙi. Keɓe ƙasa don maslahar jama'a ba baƙon abu ba ne a Musulunci, ana kiransa hima: Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Bin dokar gandu, da barin farauta, da kwashe shara, duk suna cikin amana. Bakweri, masu ƙasar, suna girmama dutsen bisa al'adarsu ta gargajiya. Musulmi ba ya shiga abin da ya saɓa wa tauhidinsa, ba ya kuma yi wa masu masaukinsa izgili, ko ya tauye ladan ɗan jagora da ɗan dakon da suka hau da kayansa.

Sauran magana a kan sanyin kansa ne. Hadisin Buhari da Muslim ya danganta mafi tsananin zafi da mafi tsananin sanyi da numfashi biyu na wuta, Suratul Insan kuma ta ambaci zamharira, wato tsananin sanyi, cikin abin da 'yan Aljanna ba za su gani ba. Mutumin Duwala ya san numfashi ɗaya tun yana goye, ɗayan kuwa jin labarinsa kawai yake yi, kuma gani ya kori ji. Amma sanyin da aka saya da kuɗi, da bargo a jaka da ranar komawa gida, daban yake da sanyin almajirin da ke kwana a rumfar kasuwa cikin hunturun arewa. Amfanin na farko shi ne ya sa a tuna da na biyu.

A bisa wannan, tafiyar halal ce a asalinta. Tana zama abin lada idan aka yi ta don tunani da godiya, makaruhiya idan wargi ne zalla, haram idan ta jawo barin salla, ko jefa rai cikin haɗari, ko tauye haƙƙin iyali.