Kada Yamma Ta Riske Ka a Hanyar Maiduguri

Ɗana, tunda ka ce tafiyar nan ta zama dole, ba zan hana ka ba. Mutane na bin hanyar kullum, 'yan kasuwa da ɗalibai da masu zuwa gaisuwar rasuwa, kuma akasarinsu lafiya suke isa. Amma ka zauna ka ji abin da zan gaya maka game da lokaci, domin a wannan hanya lokaci ya fi kuɗin mota muhimmanci.

Daga Kano zuwa Maiduguri kusan kilomita 600 ne. Ka wuce Azare, ka wuce Potiskum, ka iso Damaturu, duk wannan tafiya ce irin wadda ka saba. Abin da ya rage, kimanin kilomita 130, shi ne wurin da za ka tattara hankalinka: Ngamdu, Benisheikh, Mainok, Jakana, Auno. Ka haddace sunayen nan, don ka riƙa sanin inda kake ko da direba bai faɗa ba.

Ka san abin da ya faru a Auno a daren 9 ga Fabrairun 2020? Matafiya ne suka iso bayan sojoji sun rufe shingen shiga Maiduguri. Saura tafiyar da ba ta kai ta rabin awa ba su shiga gari, sai ya zama babu gaba, babu baya. Suka kwanta cikin motocinsu suna jiran gari ya waye. Cikin dare mayaƙa suka afka musu, suka cinna wa motoci wuta, aƙalla mutum 30 suka rasu, aka tafi da mata da yara. An yi ta muhawara a kan laifin wane ne, kuma ni ina ganin wanda ya rufe ƙofa ya bar jama'a a fili babu mai gadinsu yana da tambayar da zai amsa. Sai dai kai matafiyi, muhawara ba za ta amfane ka ba. Abin da ke hannunka shi ne lissafi. Idan la'asar ta same ka a Damaturu, sauka ka kwana. Ko direba ya rantse zai kai ku kafin a rufe, ko fasinjoji sun taso ka da surutu wai ka cika tsoro, ka ɗauki jakarka. Sauri ya haifi nawa.

Motar tasha za ka hau, inda 'yan yuniyon suka san direba kuma ake rubuta sunayen fasinjoji. Ta bakin titi ta fi araha, na sani. Amma direban da ke bin hanyar kullum yana da ilimin da babu shi a wayarka. Kafin ya tashi ya riga ya tambayi waɗanda suka iso da safe. Idan ya ga motocin da ke tahowa daga ɗaya hannun sun ɗauke ɗif, ya san akwai dalili, zai faka a garin da ya fi kusa. Ranar da ya yi haka, kada ka zama mai cewa “Malam, muna sauri.”

Kuma ba kowane kaki ne na hukuma ba. A Satumbar 2013, 'yan Boko Haram sanye da kayan soja suka tare hanya a Benisheikh, suka kashe fiye da mutum 140, yawancinsu matafiya. Daga baya ma an sha jin 'yan ISWAP suna kafa shinge suna duba katin shaida, suna neman jami'an tsaro da ma'aikatan agaji da na gwamnati. Don haka ka yi tunani a kan abin da ke aljihunka da hotunan da ke wayarka tun kana gida. A shingen sojoji na gaskiya kuwa, ka kama bakinka, kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoto. Mutumin da ya kwana yana jiran hari ba shi da haƙurin gardama.

Saura harshe. Ku yaran yanzu ba kwa iya zama a mota sai duniya ta san lambar kujerarku a Facebook da WhatsApp. Mahaifiyarka da wanda zai tarbe ka sun isa su san ranar tafiyarka. A cikin mota a yi hirar ƙwallo da tsadar masara, amma aikinka da abin da ka ɗauko ba na maƙwabcin kujera ba ne, komai kyan fuskarsa.

Ka cika cajin wayarka, ka rubuta lambobi biyu a takarda ka sa a aljihun riga. Ka yi addu'ar tafiya kafin mota ta tashi. Idan kun wuce Auno ka hango shingen shiga gari, ka kira ni.