Ko Ya Kamata Yaro Ya Tsai da Hannun Malaminsa?

Wanda ya taso daga Sabon Garin Zariya ya bi ta Hanwa, ya wuce Samaru, in ya miƙe hanyar Funtuwa zai iske Shika, inda babban asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya koma a shekarar 1005 bisa ƙari na dubu, watau 2005. Can ne a kan kai wanda ya faɗo daga babur ya bugu a ka. Cikin likitocin da ke wurin akwai masu fiɗar ƙwaƙwalwa, su ne ke buɗe ƙoƙon kai su kwashe jinin da ya taru, ko su cire ƙari. Aiki ne mai wuyar koyo ƙwarai. Mutum ya kan yi shekara 6 a jami'a, kana ya ƙara waɗansu shekaru masu yawa ƙarƙashin malami kafin a sakam masa wuƙa. Wanda ya fara kafa sashen wannan aiki a Nijeriya shi ne Dokta Latunde Odeku, a Ibadan, cikin 1962.

To, galibin mutane tsammani su ke duk sirrin yana ga hannu, in hannu ba ya rawa shi ke nan. Lalle hannu abu ne babba, amma fa ba shi kaɗai ke aiki ba. A ɗakin fiɗa akwai mai ba da maganin barci, da ma'aikaciyar jinya mai miƙa kaya tana ƙirga su, da ƙaramin likita mai koyo. Babban likita ya duƙufa bisa wani wuri da bai fi bakin ludayi ba, bai ganin kome sai shi. Waɗannan na kewaye da shi su ne idonsa ga sauran jikin majiyyaci. Daga nan tambaya ta taso: in ɗayansu ya ga maigida zai yi kuskure, ya faɗa ko ya yi shiru?

Tambayar ba wasa ba ce ga Bahaushe, gama tun yana ƙarami aka hore shi kada ya katse maganar na gaba. Yaron wanzami ba ya gyara wa ubangidansa riƙon aska gaban jama'a, almajiri kuwa sunkuyar da kai ya ke. Wannan ladabi abu ne mai kyau, shi ya riƙe gidaje da makarantu. Amma a duba yadda ƙwaƙwalwa ta ke. Ɓangarenta na hagu shi ke sarrafa hannu da ƙafar dama, na dama kuma ya sarrafa hagu. Saboda haka jini ya kan taru a hagu, shanyewa ta bayyana a dama. Likitan da ya kwana bai runtsa ba ya iya rikita su, balle in an maƙala hoton kai a juye. An sha buɗe kai a gefen da ba shi ba ne, har a ƙasashen da suka fi kowa kayan aiki. Sau da yawa kuwa akwai wanda ya lura, kunya ko tsoro suka kama bakinsa.

Masu tuƙin jirgin sama su suka fara gane wannan, da tsada. Cikin 1977, a tsibirin Tenerife, jirage biyu suka yi karo a filin sauka, mutum 583 suka hallaka. Injiniyan ɗaya jirgin ya tambaya ko wancan ya kauce daga hanya, kyaftin ɗinsa, babban malami ne a kamfaninsu, ya amsa da ƙarfi ya ci gaba. Bayan wannan aka shiga koya wa matuƙa yadda ƙarami zai yi magana, babba ya saurara. Likitocin fiɗa suka ɗauko darasin. A Sikotlan aka tsara yadda za a auna likita kan abubuwan da ba na hannu ba: lura da abin da ke gudana, yanke shawara, magana da abokan aiki, da shugabanci. Cikin 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar tambayoyi 19 da za a bi a kowace fiɗa. Da aka gwada ta a asibitoci 8, har da ɗaya a Tanzaniya, mace-mace suka ragu daga 15 cikin 1,000 zuwa 8. Ba a ƙara wuƙa ko magani ba.

Ashe ke nan shirun yaro a irin wannan wuri ba ladabi ba ne. Ladabi an yi shi ne domin kare mutuncin na gaba, wanda ya bar malaminsa ya shanye jikin wani bawan Allah kuwa bai kare mutuncinsa ba, kansa ya kare daga tsawa. Ko a masallaci, in liman ya yi mantuwa, na bayansa kan tunatar da shi, ba wanda ya taɓa kiran wannan rashin kunya. Abin da ladabi ya ke da iko a kai shi ne yadda za a faɗa, watau a sassauta murya, a ce, "Ranka ya daɗe, a sake duban hoton nan."

Sai dai nauyin bai kamata a ɗora shi duka bisa yaro ba, don shi ne mai abin asara, takardar shaidarsa tana hannun malamin. Wanda aka daka wa tsawa sau ɗaya gaban jama'a ba ya ƙarawa. Malami shi ke buɗe baki ko ya rufe shi. Wani likitan ƙwaƙwalwa na Ingila, Henry Marsh, ya wallafa littafi cikin 2014 ya bayyana kurakuran da ya yi da waɗanda suka naƙasa a hannunsa, abin da manya ba su cika yi ba. Yaron da ya ji malaminsa ya ce "na yi kuskure" ba ya jin nauyin nuna masa wani. Don haka ne takardar nan ta Hukumar Lafiya ta sa a dakata kafin wuƙa ta taɓa fata, kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa, daga babban likita har mai miƙa almakashi, sa'an nan a ambaci sunan majiyyaci da ƙarfi, da gefen kan da za a buɗe.