Wa Ya Raba Halittu Jinsi-Jinsi?

Akwai wata mas'ala da ta daɗe tana kai da komowa tsakanin ma'abota hankali, wadda duk mutumin da ya taɓa tsayawa ya yi tafakkuri a kan yawan abin da ke motsi da abin da ke tsiro a bayan ƙasa sai ta taso masa, ita ce: shin rabe-raben nan da muke yi, mu ce wannan tsuntsu ne wancan kifi, wannan ciyawa wancan itace, abu ne tabbatacce a cikin halittar kanta wanda mu dai gano shi muka yi, ko kuwa ɗan Adam ne ya ƙaga shi domin sauƙin kira da tunawa?

A ɗauki ayu, wanda masuntan Binuwai da Kwara suka sani. A ruwa yake kwana, a ruwa yake tashi, ba ya taka tudu, don haka wanda ya kira shi kifi ba za a zarge shi ba. Amma ayu da huhu yake numfashi, sai ya ɗago hanci sama ya shaƙi iska sannan ya nutse. Macensa ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi, ta shayar da ɗanta nonon da ke wajen hammatarta. Abincinsa kuwa ciyawar bakin kogi ce. Masana halittu sun sa shi a sahun dabbobi masu shayarwa, har suka ce giwa tana cikin mafi kusanci da shi a duk dabbobin tudu. Shi kuwa faƙihi, a mazhabar Imam Malik, zai ce dabbar ruwa ce, hukuncinsa hukuncin kifi ne, ba ya buƙatar yanka, ko da yake yau ya yi ƙarancin da doka ta hana kashe shi. A ganina babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, domin tambayar da kowannensu yake amsawa dabam ce: ɗaya yana tambayar yadda aka gina jikin, ɗaya yana tambayar abin da ya halatta ga bawa.

Babin zakka ya fi fito da wannan a sarari. Malamanmu na Malikiyya suna haɗa tumaki da awaki a nisabi guda, in sun cika arba'in a fitar, alhali ba makiyayin da zai ce tunkiya akuya ce. Suna haɗa alkama da sha'ir, suna haɗa dangin wake wuri guda, amma gero da dawa da shinkafa kowanne suna lissafa shi shi kaɗai, ba a cika nisabin ɗaya da ɗaya. Masanin tsirrai kuwa duk waɗannan hatsi, har da masara da rake da gamba, dangin ciyawa ɗaya ne a wurinsa. Ma'aunin shari'a amfani ne da haƙƙin miskini, ba siffar fure ba, kuma wanda ya ce littafin kimiyya ya rushe babin zakka bai fahimci ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Magabata ba su yi sakaci da wannan fanni ba. Alƙur'ani mai girma, a Suratun Nur, ya ja hankali ga bambancin tafiyar dabbobi, mai jan ciki da mai ƙafa biyu da mai huɗu, a Suratul An'am kuma ya siffanta dabbobi da tsuntsaye da cewa al'ummomi ne kamar mu. Jahiz na Basra, wanda ya rasu wajen 869, ya kasa dabbobi a Kitabul Hayawan zuwa masu tafiya da masu tashi da masu iyo da masu jan ciki. Damiri na Masar, wanda ya rasu a 1405, ya jera su bisa haruffa a Hayatul Hayawan, yana kawo ɗabi'ar kowacce da hukuncin cin namanta. Ɗaliban manɗiƙi kuma, har a zaurukanmu inda ake karanta Sullam na Ahdari, sun san jinsi da nau'i da fasali, wato babban rukuni da ƙaramin da ke ƙarƙashinsa da siffar da ta raba ƙaramin da 'yan'uwansa.

Da waɗannan ma'aunan manɗiƙi ne Karl Linniyas, ɗan wani limamin coci a ƙasar Suwidin, ya yi aiki lokacin da ya buga Systema Naturae a 1735, sannan a 1753 ya tabbatar da ba kowane tsiro suna mai kalma biyu da Latin, ta farko ta jinsi, ta biyu ta nau'i. Shi da kansa ya fara sa dabbobin teku irin su kifi whale a cikin kifaye, sai a bugu na goma, a 1758, ya fitar da su ya mayar cikin masu shayarwa. Mutum ne mai imani da Mahalicci, yana ɗaukar aikinsa a matsayin bin sawun tsarin da aka riga aka shimfiɗa.

To, a nan ne nake rabuwa da masu cewa duk rabe-raben nan al'ada ce kawai, kowa da nasa. Wanda yake shakka ya shiga gona da safe a ƙarshen damina ya tsinko furen kuɓewa da na rama da na auduga ya jera su a tafinsa: zai ga kowanne kunnuwa biyar gare shi, masu taushi, fari mai ratsin rawaya, sau da yawa da jan tabo a gindi, a tsakiya kuma wani ɗan tsinke a tsaye da garin fure ya lulluɓe shi. Bisa irin waɗannan alamu, da wasu da aka gano daga baya a cikin ƙwayoyin gado, aka tara su dangi guda, tare da yakuwa da lalo da kuka. Abin mamaki, mai girki ta riga ta san wani sashe na wannan ba tare da ta karanta ba, domin yauƙin da take nema a miyar kuɓewa shi take samu a lalo da kuka. Da a ce rukunin ƙage ne, da bai kasance kana haɗa su saboda fure sai ka tarar sun haɗu a wani abin da ba ka nema ba. Wannan dacewar alama da alama ita ce hujjata cewa akwai nizami a cikin halitta wanda ya riga hankalinmu, kuma bincikensa yana cikin tafakkurin da aka umarce mu da shi.

Sunayen kuwa namu ne, kuma suna ɗauke da tarihin masu raɗa su. Kuka ta zama Adansonia saboda Adanson, Bafaranshen da ya sauka Senegal a 1749. Ɗorawa ta zama Parkia saboda Mungo Park. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, an sa masa sunan Faidherbe, gwamnan mulkin mallaka. Waɗannan itatuwa an daɗe ana shan inuwarsu da sunayensu kafin a haifi mutanen nan. Amfanin sunan Latin shi ne malamin Kano da na Alƙahira da na Tokyo su san abu guda suke nufi, ba wai shi ne sunan gaskiya na sauran kuwa na jahilci ba. Shi ya sa likita Dalziel, da ya buga ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, wajen manoma da masu magani ya koma ya tambaya.

Abin da ya fi damun wasu shi ne Linniyas ya sa mutum a cikin jadawalin dabbobi. Ban ga abin tashin hankali a nan ba, tun da malaman manɗiƙi sun riga shi, inda suka ayyana mutum da cewa rayayye ne mai hankali da furuci, suka ba shi jinsi guda da doki sannan suka raba su da fasali. Jini da huhu da nono mun yi tarayya da dabba a cikinsu, wannan mushahada ce. Ɗaukar amana da hisabi kuwa ba abu ne da ake gani a ƙashi ba. Dalilin kamannin, wanda masana tun daga Darwin a 1859 suke bayyana shi da haɗuwar asali, bahasi ne na dabam da ya cancanci zamansa, amma ganin kamannin ya girme shi, ba ya kuma rataye a kansa.

Sai dai jadawalin ijtihadi ne, ana gyara shi kullum. Naman kaza an daɗe ana ƙirga shi cikin tsirrai, sai a 1969 wani masani mai suna Whittaker ya ware masa babban rukuni nasa, domin ba ya haɗa abincinsa da hasken rana. A 'yan shekarun nan ma, da aka duba ƙwayoyin gado, masana da yawa sun mayar da gero cikin jinsi guda da ƙarangiya, wadda manomi ke nomewa yana cire ƙayarta daga bakin wandonsa, ita ce kuma mutanen Sahel suke sussuka ƙwayarta su ci a shekarun yunwa.