An Ƙirga Su, Amma Wa Ya Buɗe Ƙofa?

Karatu: Luka 2:1-7, 16:19-31

Ka taɓa lura cewa a lokacin ƙidayar gwamnati aka haifi Ubangijinmu? Kaisar Augustas ya ba da umarni a rubuta kowa, shi ya sa Yusufu da Maryamu suka taso daga Nazarat zuwa Baitalami. Hukumar Roma ta tanadar musu wuri a littafinta, amma ɗakin kwana bai samu ba. A komin dabbobi aka kwantar da Mai Ceto.

Har yau ana ƙirga mutane da gidaje. A ƙidayar 2006 an samu mutum miliyan 140 da 'yan kai a Najeriya. Wadda aka shirya yi a 2023 kuwa an ɗage ta. An yi shekaru ana cewa ƙasar na buƙatar ƙarin gidaje miliyan 17, har a 2021 ministan ayyuka da gidaje na lokacin, Babatunde Fashola, ya ce adadin ba shi da tushe.

Ƙidaya ba laifi ba ce. Allah da kansa ya umarci Musa ya ƙirga Isra'ilawa, kuma gwamnatin da ba ta san yawan jama'arta ba, ba za ta san gidaje nawa za ta gina ba. Amma babban adadi yakan kashe jiki. Kana jin "miliyan 17", sai zuciya ta ce, "Wannan ya fi ƙarfina, aikin gwamnati ne." To, girman matsalar ya sauke maka nauyin maƙwabcinka ke nan?

Dubi mai arzikin nan na misalin Yesu. Ba a nuna mana dukan matalautan ƙasar ba, mutum ɗaya ne kwance a ƙofarsa. Ya kuma san shi, domin daga cikin azaba ya ambaci sunansa, Li'azaru. Saninsa bai amfane shi ba, tun da bai buɗe ƙofa ba.

Akwai waɗanda alƙaluma ba sa nuna halin da suke ciki. Gwauruwar da dangin miji suka kora daga gida. Iyalin da mai gida ya nemi kuɗin hayar shekara guda, ga shi babu. Saurayin da ke jira kowa ya watse bayan addu'ar dare, ya kwanta a bencin majami'a. Wataƙila jiya ma kun gaisa.

A wannan mako, nemi mutum ɗaya. Tambayi inda yake kwana. In kana da ɗaki a rufe, buɗe shi. In babu, kai maganar ga fasto ko zumuntar mata, a haɗa hannu a biya masa haya.

Addu'a: Ya Uba, kai da ka san kowa da sunansa, ka buɗe idanuna in ga wanda ke ƙofata, ka kuma ba ni zuciyar karɓarsa. Cikin sunan Yesu, Amin.